Filin Tambaya da Amsa: Madubi 18, Tauraro Ɗaya

Wasiƙu uku na ɗauka wannan watan, ta farkon kuwa ita ta cinye mini fili. Masu tambaya a kan batirin sola ku yi haƙuri sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni sana'ata ɗaura tayil, shekara 12 ke nan ina yi. Yarona ya nuna mini bidiyon wata na'urar hangen nesa da ake kira James Webb, aka ce madubinta fallaye 18 ne aka jera kamar saƙar zuma. Na san wahalar jera abu ya kwanta bai ɗaya. Ina da igiya, ina da tiyon ruwa, ina da gudumar roba, amma duk da haka ba na yarda sai na shafa da hannu. To su da abin yake can sama, babu mai hawa ya shafa, ta yaya suke gane wannan fallen ya ɗago, wancan ya nutse? *Daga mai ɗaura tayil, Tudun Wada, Zariya.*

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shekara 31 na yi ina koyar da fiziks a sakandare kafin in ajiye alli, kuma da ɗalibaina suna yin tambaya irin taka da ban yi furfura da wuri ba. Ɗagowa da nutsewar nan da ka ambata su ne ainihin ciwon kan masu wannan aikin.

Dalilin yanka madubin gajere ne. Iya faɗin madubi, iya hasken da yake tarawa, kuma iya kaifin ganinsa. Mafi girman madubin hangen nesa da aka zuba falle ɗaya bai wuce mita 8.4 ba, domin in ya fi haka nauyinsa ma lanƙwasa shi yake yi. Na Webb mita 6.5 ne, amma ba zai shiga rokar a buɗe ba, sai aka yi shi fallaye 18 masu kusurwa shida, kowanne faɗinsa kusan mita 1.3, aka naɗe gefe biyu kamar ƙyauren taga. An harba shi ran 25 ga Disamba, 2021, ya je ya zauna kilomita miliyan 1.5 daga nan, wato kusan nisan wata sau huɗu. Gaskiyarka, babu tsanin da zai kai can.

Kuskuren jeri iri biyu ne, kuma ka san su a wurin aikinka. Akwai tayil ɗin da ya karkata, gefe ɗaya sama gefe ɗaya ƙasa. Akwai kuma wanda ya kwanta sumul amma ya fi maƙwabcinsa tudu, irin wanda yake sa mai gida tuntuɓe.

Karkata ba ta ɓuya. Shekarun baya na sayi tabaron hangen nesa mai ido biyu, na gwanjo, a kasuwar Sabon Gari. Na hau Kufena da ɗalibai ina taƙama, na ɗora shi a ido, sai ga kowace hasumiyar masallaci ta zama tagwaye. Kafin mu sauko kaina kamar zai tsage. Ashe tabaron ya taɓa faɗuwa, ɓangare ɗaya ya ɗan kauce, kowane ido da inda yake kallo. Abin da ya faru da Webb ke nan da aka buɗe shi. A Fabrairun 2022 aka juya shi ga wani tauraro mai lamba HD 84406, hoton ya dawo da taurari 18 a warwatse, alhali tauraron ɗaya ne. Kowane falle ya jefa nasa hoton inda ya ga dama.

Maganin wannan, kiran suna ne irin na aji. A bayan kowane falle akwai ƙananan injina bakwai, shida na motsa shi, ɗaya na gyara zurfin lanƙwasarsa. Sai a motsa falle ɗaya a duba wane ɗigo ne ya amsa, a rubuta, a wuce na gaba. Da aka san kowa da nasa, aka yi ta tura ɗigogin har suka hau kan juna suka zama ɗaya.

A nan mutum zai ce ai an gama. Ba a gama ba, yanzu ma aka zo wurin tuntuɓen. Fallen da ya ɗago ba tare da ya karkata ba, ɗigonsa yana nan daidai inda ake so, bai gusa ko'ina ba. Ka tara haske na madubi 18, amma kaifin ganin na ƙaramin madubi ɗaya ne mai mita 1.3. Kamar ka sayi ƙatuwar mota ne tana tafiya da ƙarfin babur.

Don ka ga dalili, sai mun ɗan taɓa yadda haske yake tafiya. Ka tuna rediyo da ake cewa "a kan mita 25 da mita 31, gajeren zango"? Waɗannan mitocin tazara ce tsakanin igiya ɗaya da mai bi mata. Haske ma haka yake zuwa, kamar kunyoyin gona a jere: kunya, kwari, kunya, kwari. Sai dai zangonsa ƙanƙane ne ƙwarai. Na koren haske kusan nanomita 550 ne, nanomita kuwa sai ka raba milimita ɗaya gida miliyan ka ɗauki ɗaya. Hasken tauraro yana isowa da kunyoyinsa a miƙe, kowane falle ya yanki rabonsa ya aika wuri guda. In kunyar wannan ta faɗa kan kunyar wancan, hasken ya ƙaru. In kuwa kunya ta faɗa cikin kwari, ƙasar wannan ta cike ramin wancan, sai fili ya baje, wato duhu. Kuma da yake haske zuwa yake yi ya dawo, duk ɗagowar da falle ya yi ninki biyu take zama a tafiyar hasken. Saboda haka ɗagowar nanomita 140 kacal ta isa ta sa koren hasken fallaye biyu ya kashe juna a tsakiyar hoton. Wannan kusan kashi ɗaya cikin 500 ne na kaurin gashin kai.

Webb yana aiki ne da hasken da ya fi ja tsawon zango, wanda ido ba ya gani, don haka ya ɗan sami sassauci, amma duk da haka ana son fallayen su daidaita cikin kusan nanomita 50. Na zauna na yi lissafin da ma'aunin gida. Da za a faɗaɗa falle ɗaya ya kai daga Zariya zuwa Kaduna, wato wajen kilomita 80, tuntuɓen da aka yarda da shi tsakaninsa da na kusa da shi bai fi milimita uku ba. Ƙwayar dawa guda.

Babu igiya ko tiyon da zai auna wannan. Hasken kansa ake mayarwa ma'auni. A aji, gilashi nake turarawa da hayaƙin fitilar ƙwai ya yi baƙi, in haɗa reza biyu in ja layi, su bar tsagogi biyu sirara dab da juna. In aka haska su da ɗan jan hasken leza a ɗaki mai duhu, abin da yake fitowa a bango ratsi-ratsi ne, haske, duhu, haske, duhu. Wani Baturen Ingila, Thomas Young, ya nuna irin wannan tun farkon shekarun 1800. Wuraren haske su ne inda kunya ta haɗu da kunya. In ka jinkirta hasken tsaga ɗaya ko da ƙanƙane ne, ratsin gaba ɗaya sai ya gusa gefe. Ka mai da tsagogin nan fallaye biyu maƙwabta, gusawar ratsin ita ce tafin hannunka da kake shafawa da shi.

Sai dai ma'aunin nan yana da ha'inci ɗaya, kuma shi ya fi ba ni sha'awa a duk lamarin. Kunyoyi duk kamarsu ɗaya. In jinkirin ya kai zango ɗaya cif, kunya ta farko ta faɗa kan ta biyu, ratsin ya koma inda yake tun farko, kamar babu abin da ya faru. Zango biyu ma haka, goma ma haka. Ma'auni ne mai layuka amma ba a rubuta masa lamba ba.

Mafitar tana cikin sana'arka. Ka ja layin tayil mai santimita 40 daga bango, a gefensa ka ja na mai 60. Bakinsu ya haɗu a jikin bango, ba zai sake haɗuwa ba sai a 120. Ka ƙara layi na uku mai 50, su ukun ba za su sake haɗa baki ba sai a 600. Iya yawan girman da ka ƙara, iya nisan da haɗuwar ƙarya take gudu, har ya zama wuri ɗaya kawai kowa yake yarda da kowa, wato jikin bangon. Launukan haske su ne tayil masu girma daban-daban, domin kowane launi da zangonsa: ja dogo, shuɗi gajere. To a cikin kyamarar Webb da ake kira NIRCam akwai gilasan da suke ɗaukar hasken fallaye biyu maƙwabta su baza shi launi-launi kamar bakan gizo. In akwai tuntuɓe tsakaninsu, wasu launukan su ƙarfafa juna, wasu su kashe juna, sai bakan ya fito da ratsi a karkace. Ratsi masu yawa a matse, tuntuɓen babba ne. Ana gyarawa suna faɗaɗa suna raguwa har su ɓace. Haka aka bi fallayen biyu-biyu, haɗi 20, ana aunawa ana gyarawa.

Wannan ya kawo su kusa. Ƙarasawar kuwa da wata dabara aka yi da za ta ba mai ɗaukar hoto haushi: da gangan ake dusashe hoton. Ana sa wani gilashi a hanyar hasken don tauraron ya bazu ya zama faifai, a ɗauka ta gaban inda hoton yake fitowa tar, a sake ɗauka ta bayansa. A cikin ɗigo ɗan mitsitsi duk laifuffukan madubin a dunƙule suke, amma a bazazzen faifai kowanne yana barin tabonsa, kamar yadda kuke kwantar da tocila a jikin bango don ƙullutun filasta su fito da inuwa. Daga nan kwamfuta ta yi hasashen siffar madubin, ta lissafa hoton da wannan siffar za ta bayar, ta gwada da na gaske, ta gyara hasashen, ta sake, har su dace. Dalilin ɗauka ta gaba da ta baya shi ne hoto ɗaya yakan kasa bambance falle ya ɗago ne ko nutsewa ya yi.

Dabarar nan a wahala aka goge ta. Na'urar Hubble da aka harba a 1990 ta je sama da madubin da aka goge shi ba daidai ba, kuskuren wajen maikuron biyu a bakinsa, wato kashi biyu cikin dubu na milimita. Daga dusassun hotunanta masana suka lissafo girman laifin, aka ƙera mata gilasan gyara, 'yan sama jannati suka je suka sa mata a Disambar 1993. Webb ba shi da wannan gatan na a je a same shi, shi ya sa aka gina masa hanyar auna kansa tun a ƙasa.

A tsakiyar Maris 2022 aka fitar da hoton tauraro ɗaya tar, da tsinkayen haske shida manya, waɗanda bakin fallayen masu kusurwa shida ne yake haifar da su. Kuma aikin bai ƙare ba, domin a kai a kai sai an sake dubawa. A Mayun 2022 wani ɗan ƙanƙanen tsakuwan sararin samaniya ya bugi fallen da ake kira C3. Awon nan ne ya nuna ɓarnar, aka motsa fallen aka rage ta, ko da yake tabon bai fita duka ba.

In kana son waɗanda suka fi kusa da shafawarka da hannu, na'urorin Keck biyu ne da ke kan dutsen Mauna Kea a Hawayi, kowace mita 10, fallaye 36. A bakin fallayen an liƙa ma'aunan lantarki 168 masu jin motsin falle da maƙwabcinsa, injina 108 suna gyarawa sau biyu a kowace daƙiƙa, domin na'urar tana juyawa, nauyi yana jan ta, sanyi yana taɓa ta. Amma ma'aunan nan canji kawai suke ji, ba su san ina ne daidai ba. Lokaci-lokaci, musamman in an cire falle an sabunta masa shafe an mayar, dole a koma ga tauraro ya faɗa musu inda bangon yake.

Ka gaishe mini da yaron naka, ka ce ya ci gaba da nuna maka irin waɗannan.

Tambaya: Baba, ni ɗaliba ce a aji uku, sashen fiziks. Na karanta cewa hoton baƙin ramin nan an haɗa na'urori ne daga nahiyoyi daban-daban suka zama kamar ɗaya mai girman duniya. Me ya hana a yi haka da hasken da ido yake gani? Kuma ina neman abin da zan yi aikin kammala karatu a kai wanda ba ya cin kuɗi. *Daga wata ɗaliba, Samaru.*

Amsa: 'Yata, saurin kaɗawa ne ya hana. Hoton da aka fitar a Afrilun 2019 na baƙin ramin M87 (wani wuri a sararin samaniya da ƙarfin jansa ko haske ba ya kuɓuce masa) da igiyar rediyo mai zangon milimita 1.3 aka ɗauke shi, wadda take kaɗawa wajen sau biliyan 230 a daƙiƙa. Wannan lantarki zai iya bin sa. Kowace tasha ta naɗi igiyar tare da lokacin agogon atam, aka kwashi faya-fayan ajiyar a jirgi, kwamfuta ta jera kunya da kunya daga baya, a natse. Hasken ido kuwa yana kaɗawa sama da sau tiriliyan 400 a daƙiƙa, ba a naɗe shi haka. Dole a kawo hasken kansa wuri ɗaya yana raye, kuma tafiyar hasken kowane madubi ta zo daidai da ta ɗan'uwansa cikin ɗan yankin zango.

Ana yi, da wahala. Tun Disambar 1920 Michelson da Pease suka ɗora ƙarfe mai mita shida da madubai a kansa a Dutsen Wilson na Amurka, suka auna faɗin jan tauraron nan Betaljus, wanda yake ratsa tsakiyar samanmu a daren hunturu in hazo ya yi sauƙi. Yau a Paranal ta ƙasar Cile akwai na'urori huɗu masu mita 8.2 da ake tura haskensu ta ƙarƙashin ƙasa. Da yake tauraro ba ya tsaye a kansu daidai, haskensa yana riga isa ɗaya kafin ɗaya, kuma duniya tana juyawa, tazarar tana canjawa. Sai aka ɗora madubai a kan ƙananan kekuna masu bin dogo a cikin rami, suna tafiya a hankali suna ƙara wa wanda ya riga zuwa hanya. Ga iska kuma, wadda take sauya jinkirin cikin ƙiftawar ido, don haka akwai na'urar da ba ta da aiki sai bin ratsi tana riƙe shi kada ya gudu.

Ki lura da abu ɗaya da yake yawan ruɗar ɗalibai. Ma'aunin Shack-Hartmann da za ki gani a littattafanku gangara yake aunawa, don haka yana kama karkata, amma a yadda aka saba amfani da shi bai ganin tuntuɓe tsakanin madubai biyu da ba su haɗe ba. Shi ya sa babbar na'urar Magellan da ake ginawa a Cile, mai madubai bakwai na mita 8.4 da giɓi a tsakaninsu, aka tanadar mata ma'aunin ratsi mai launuka irin wanda na yi wa mai tayil bayani.

Aikinki kuwa, ga shi a arha. Ki huda ramuka uku ƙanana a takardar alminiyom, ki haska su da leza, ki ɗauki hoton ratsin daga nesa. Ki rufe rami ɗaya da siririn gilashin nan na madubin duba ƙwayoyin cuta, ki riƙa karkata shi kaɗan-kaɗan, jinkirin zai canja, ratsin zai gusa. Sai ki rubuta ɗan lissafi a kwamfuta ya faɗi girman jinkirin daga hoton. In kin sami leza ja da kore, kin taɓa matsalar zango cif ɗin nan da hannunki. Masu bincike da yawa yanzu suna koya wa ƙirƙirarriyar basira ta kalli hoto ɗaya ta faɗi kuskuren nan take, kuma saurin yana da amfani. Ni dai shawarata ki fara da lissafin da kike gane kowane layinsa. Basirar da aka horar da hotunan kwaikwayo takan rikice ranar da ta haɗu da ƙura da girgizar teburin gaske, ga janareta yana ruri a bayan ɗakin gwaji.

Tambaya: Malam, tunda na'urar nan tana gani haka, me zai hana a riƙa duba mana jinjirin watan azumi da ita a huta da gardama? *Daga mai karatu, Ƙofar Doka.*

Amsa: Ba za ta iya ba, Malam. Madubin Webb sai da sanyi yake aiki, wajen digiri 220 ƙasa da sifili, don haka aka yi masa laima mai shimfiɗa biyar, tsawonta kusan mita 21, wadda kullum take tsakaninsa da rana da duniya da wata. Har abada baya yake ba su. Lokacin haihuwar wata kuwa masana taurari suna lissafa shi tun da daɗewa, hukuncin gani kuma na malamai ne da sanarwar Sarkin Musulmi, ba na wannan filin ba.

In kana cikin masu fita duba, ka nemi fili mai buɗaɗɗen yamma, kuma kada ka ɗora tabaro a ido sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Kafin ka biya kuɗin tabaron, musamman na gwanjo, ka saita shi ga wayar lantarki mai nisa, ka janye shi daga fuskarka kamar taƙi ɗaya, ka dubi tagogin biyu tare. In wayar ta gefen dama ta fi ta hagu tudu, ka mayar wa mai shi kayansa.